Waiwaye: Yadda mutanen unguwa suka samu bakin magana a kan asibitinsu

A yawancin mazaɓun Arewacin Najeriya akwai wani kwamiti da ba kowa ya san da zamansa ba, alhali sai shugabansa ya sa hannu ake fitar da kuɗin gyaran asibitin unguwa. Kwamitin raya mazaɓa ake ce masa, ma'aikatan lafiya kuwa WDC suke kiransa. A ƙa'ida duk wata yake zama, a cikinsa akwai wakilin masu sarauta, da malamai, da mata, da matasa, da shugaban asibitin. Hanyar da aka bi kafin a kai ga wannan zama doguwa ce, kuma ba a ofis kaɗai aka share ta ba.

Tun kafin zuwan Turawa muna da wurin kai kuka. Mutum ya je ƙofar gidan mai unguwa, mai unguwa ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai gaban sarki. Da Turawa suka ci ƙasar Kano da Sakkwato a 1903, ba su rushe wannan tsari ba, a kansa suka gina mulkin En'e. Sai dai abin da ke saukowa daga sama ya fi abin da ke hawa sauri: haraji, jangali, aikin tilas, duba-gari mai leƙa randa. Talaka na iya faɗuwa ya yi gaisuwa ya kai ƙara, amma ba a tambayarsa inda za a haƙa rijiya ko a gina ɗakin shan magani. Wannan ƙunci na cikin abubuwan da suka haifi jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, wadda Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, aka kafa ƙananan hukumomi 301, sarakuna suka koma masu ba da shawara, kansila ya zama ƙofar da talaka zai ƙwanƙwasa. Yau ƙananan hukumomin sun kai 774, amma sau nawa aka rushe majalisunsu aka naɗa kantomomi? Ƙofar ta sha kasancewa a kulle.

Ta ɓangaren lafiya ne aka fara ba zaman jama'a gurbi a rubuce. A taron Alma-Ata na Satumba 1978, ƙasashen duniya suka amince cewa mutane na da haƙƙin sa baki a tsara kiwon lafiyarsu da gudanar da shi. Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya ɗauki maganar da gaske: aka fara gwaji a ƙananan hukumomi 52, aka kafa kwamitocin lafiya na ƙauyuka da gundumomi. A 1987 kuma ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako suka amince da tsarin asusun magani mai juyawa, wato a sayar da magani da sauƙi, a sake sayo wani da kuɗin, mutanen gari su sa ido a kan asusun. Kwamitocin da ake kira COGES a asibitocin Nijar daga wannan tushe suka fito. A 1992 aka kafa Hukumar Bunƙasa Kiwon Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa, wadda a farkon shekarun 2000 ta mayar da mazaɓa ginshiƙin tsarin, kowace da kwamitinta. Jihar Kano kaɗai mazaɓu 484 gare ta.

Da yawa daga cikin kwamitocin nan a takarda suka tsaya. Inda asusun magani ya karye, zama ya mutu tare da shi. Sai da aka shiga babbar matsala kafin hukuma ta gane abin da ta yi sakaci da shi.

A tsakiyar 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano, Zamfara da Kaduna ma suka dakatar na wani lokaci, bayan zargin cewa an haɗa ɗigon da abin hana haihuwa. Gwaje-gwaje ba su tabbatar da zargin ba. Amma wanda ya ɗauka jahilci ne kawai ya sa iyaye suka rufe ƙofa, bai saurari abin da suke faɗi ba. Mutanen Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan, aka sa yara kimanin 200 cikin gwajin, 11 suka rasu. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su, daga baya a 2009 ya sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Ga kuma tambayar da magidanta suka yi ta maimaitawa a zaure: ɗana yana kwance da zazzaɓin cizon sauro, ƙyanda ta ɗauke na maƙwabcina, na je asibiti an rubuta mini takarda in je kemis, to me ya sa wannan maganin kaɗai ake biyo ni da shi har gida kyauta? Tambaya ce ta mai hankali, kuma an daɗe babu wurin da zai yi ta a ba shi amsa.

Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dawo da rigakafin a Yulin 2004, bayan an samo ɗigon daga Indunusiya. Amma sanarwar gwamna ba ta buɗe ƙofar gida. Ƙwayar cutar ta riga ta bazu zuwa ƙasashe kusan 20, kuma a 2006 yaran da ta kama a Najeriya sun haura 1,100. Ma'aikata su zo da akwatin sanyi a rataye, su yi sallama, a ce mai gida ba ya nan, ko a ɓoye yara a ƙuryar ɗaki. Su zana alama da alli a jikin bango su wuce.

Abin ya fara sauyawa da aka koma zama da mutane. Daga 2006 aka riƙa haɗa ɗigon da wasu abubuwan da iyaye ke nema, kamar rigakafin ƙyanda da maganin tsutsar ciki da sinadarin bitamin A. A 2009, ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, aka kafa kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya a matakin farko, Shehun Bama na lokacin ya shugabance shi. Tsohuwar hanyar nan ta hakimi da dagaci da mai unguwa ta sake aiki, amma a wannan karo har da hawa sama. In gida ya ƙi, mai unguwa da liman su je su zauna da mai gidan, su ji dalilinsa, da yamma a kai dalilin taron bitar aikin ranar. An ɗauki mata 'yan unguwa suna shiga gida-gida, suna halartar suna da biki, suna magana da uwa a tsakar gidanta. Daga baya aka kafa sansanonin duba marasa lafiya kyauta a ranakun rigakafi. Adadin yaran da cutar ta kama ya sauko daga kusan 800 a 2008 zuwa 21 a 2010. Ba a tafi sumul ba, cutar ta sake ɗagowa, kuma a Fabrairun 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, Allah Ya jiƙan su. Amma a Borno a 2016 aka ga na ƙarshe, ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar shan inna.

A ganina darasin ya fi cutar faɗi, kuma rabinsa kawai aka ɗauka. An gane amfanin tara mutane in hukuma na neman wani abu a wurinsu. Tara su don su ma su nemi wani abu a wurin hukuma, shi ne har yanzu ke tafiyar hawainiya.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ɗan matsa gaba. Ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun kiwon lafiya na tushe, ko da yake sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Ana zaɓar asibiti guda a mazaɓa, a tura masa kasonsa kai tsaye duk wata uku, kimanin Naira dubu 300 a shekarun farko. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma sharaɗin da ke tare da su babba ne: shugaban asibiti ba ya taɓa asusun sai da sa hannun shugaban kwamitin mazaɓa. Mutumin unguwa ya riƙe alƙalami.

Inda kwamitin ke da rai, za ka same su a barandar asibiti kan benci, sakatare da littafinsa a cinya. Shugabar asibiti ta karanto mata nawa suka zo awon ciki, nawa suka haihu a nan. Wata dattijuwa ta ce mata sun daina zuwa haihuwar dare saboda babu wuta a ɗakin, da fitilar waya ake karɓar jariri. Wani ya kawo zancen rufin da ke yoyo a kan ma'ajiyar magani. A yi ta ja, a ƙarshe a tsayar: batirin sola wannan karon, kwanon rufi karo na gaba, direbobin tasha kuma a roƙe su su ware mota ga mai naƙuda. Ƙananan abubuwa ne, amma su ne ke sa mace ta haihu a hannun ungozomar asibiti maimakon a gida.

Inda ba shi da rai kuwa, ɗan siyasa ne ya cike shi da yaransa, ko matan ciki sunansu ne kawai a takarda, ko kuma shugaban ya sa hannu a abin da bai karanta ba. Aikin sa-kai ne, ba albashi, mai neman abin cefane ba kullum zai bar kasuwa ya zo zama ba. Mutane da yawa sun fi ganin saurin kiran gidan rediyo su kai kukansu, musamman tun da tashoshi masu zaman kansu irin su Freedom suka buɗe a Kano a 2003.

Akwai kuma iyakar da ko kwamiti mai ƙwazo ba ya iya tsallakewa. Tun 2011 da aka amince a tattara harkar lafiya ta matakin farko a hannun hukuma guda a kowace jiha, ɗaukar ma'aikata da sauya musu wurin aiki ya koma babban birni. Kwamiti na iya gyara ɗakin haihuwa, amma ba ya iya kawo ungozomar da za ta kwana a cikinsa. Sai dai ya rubuta takarda ya jira. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, zai iya kusanto da wasu shawarwarin gida in an aiwatar da shi yadda ya kamata. Amma hukuncin a kan asusun shugaban ƙaramar hukuma ya yi magana, bai tilasta masa zama da kwamitocin mazaɓunsa kafin ya rubuta kasafi ba, kuma wannan ce buƙatar da ya kamata kwamitocin su haɗa kai su kai gaban majalisun jihohinsu.