Ifradi, amma ba na Hajji ba

Kwanan nan duk warshar da ka leƙa a Sana'iyyar Dammam ko Jubail, wato unguwannin masana'antu a Saudiyya, sai ka ji yaranmu suna "na gama ifradi", "turo min ifradin", tunda suka fara taɓa manhajojin zane na SolidWorks da Inventor kowa ya zama muhandis, wato injiniya. Wani dattijonmu da ya ji kalmar cewa ya yi wane irin ifradi kuma a watan Rajab, shi na Hajji ya sani, ɗan'uwan tamattu'i da ƙirani. Tushen ɗaya ne a Larabci, amma namu na ƙarfe ya fi kusa da yadda Misrawa ke cewa farad in sun shimfiɗa darduma ko sun murza ƙullin gurasa. Wato ka ware abu lanƙwasasshe ya kwanta fes, ka yanka shi a haka, in an naɗe ya koma siffarsa.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu leƙa zane ta gaba su kwafi inuwarsa su ce sun yi ifradi. Ba shi ba ne wallahi. Ɗauki facin da ake wa tanki a wuyan nozul (bututun da ke fita daga jikin tankin), facin da ke mayar da ƙarfin da aka rage lokacin da aka huda jikin tankin. Ta gaba ramin da'ira ne cif, amma facin kwanciya zai yi a jiki mai lanƙwasa, kuma hanyar da ta lanƙwasa ta fi miƙaƙƙiya tsawo. Tanki mai faɗin mita 1, bututu mai milimita 600, ramin a shimfiɗe ta gefen lanƙwasar sai ya kai wajen 643, ta tsayin tankin kuwa yana nan 600 ɗinsa, ya zama kamar ƙwai kenan. Na ga wanda ya tura da'ira zalla injin plasma ya yanka, aka kai rola, injin lanƙwasa ƙarfe, aka naɗe, bututu ya ƙi shiga, shi da garinda har la'asar yana zagin mai rola da bai san hawa ba bai san sauka ba. A tankin mai na mita 20 bambancin bai kai milimita ɗaya ba, shi ya sa waɗanda suka saba da manyan tankunan API 650 (ƙa'idar gina tankunan mai) ke ganin iyayi ne kawai muke yi.

Sai murfin tanki mai siffar ƙwarya, nan kam babu ifradi na gaskiya. Gauss, masanin lissafi Bajamushe, ya tabbatar tun 1827 cewa abin da ya lanƙwasa ta fuska biyu ba ya kwanciya sai ya miƙe ko ya yage, gwada da ɓawon lemu ka gani. Umarnin Flatten Surface na SolidWorks zai ba ka siffa, eh, amma kintace ne, ni dai ina barin rara a baki a gyara bayan an matsa.

Kuma don Allah ƙaramin ramin nan na milimita 6 da ke jikin facin a daina toshe shi da walda wai an ga kuskure, ta nan ake hura iska a shafa ruwan sabulu a ga ko waldar na yoyo.