Fuskar da aka yi wa pilin ciwo ce, don Allah a daina lafta mata haɗi

Salamu alaikum 'yan uwana mata da iyayenmu, ku ma mazan ku matso, don kuɗin man nan daga aljihunku yake fita ko kun sani ko ba ku sani ba.

Ni dai wallahi abin nan ya ishe ni shi ya sa yau na ce sai na rubuta. Tun da aka gama girbi aka shiga hidimar bukukuwa a nan yankinmu na Ringim, da wuya in tashi aiki a ƙaramin asibitinmu ban ga wata ta maƙale a bencin baya da niƙabi ba, ba awo ta zo ba, ba rigakafin yaro ta kawo ba, jira take kowa ya watse sannan ta lallaɓo ta ce Anti fuskata ce. Tana ɗage niƙabin sai ka ga kumatu sun yi baƙi kamar gindin tukunya, goshi ya feso da ƙananan ƙuraje reras, gefen hanci kuma ja kamar an zuba ruwan zafi. Labarin kusan ɗaya ne kullum. An kai ta gyaran amarya cikin gari, ko kuma wata mai sayar da kaya a WhatsApp ta ba direba saƙo ya kawo mata 'yar kwalba mai ruwa rawaya, man saɓa fatan nan da suke cewa pilin, aka ce ta shafa kwana uku fata za ta saɓule sabuwa ta fito. To ta saɓule ɗin. Abin da ya biyo baya ne ba a gaya mata ba.

Ba zan tsaya faɗan me ya sa kika yi ba, aikin gama ya gama, kuma na san yadda ake zuga yarinya in biki ya matso, wannan ƙawa ta ce kin yi duhu waccan gwaggo ta ce haka za a kai ki gidan miji kamar an tono ki. Abu ɗaya dai ki riƙe, abin da ke cikin kwalbar nan asid ne, ƙona saman fata yake don ya ɓare. Ko likitan fata ne ya yi miki da hannunsa, mai sauƙin yakan ɗauki kamar mako kafin ya warke, wanda ya ɗan shiga ciki kuwa mako biyu, balle wanda aka dama a bayan shago babu wanda ya san ƙarfinsa. Kenan fuskarki a kwanakin nan ciwo ce. Kuma fatarmu ta baƙar fata halinta kenan, duk inda aka ƙona ta ko aka sosa ta ko rana ta doke ta tana ɗanya, da baƙi take ramawa.

Yanzu ga inda nake son a buɗe kunne. Ba pilin ɗin ne ya fi ba ni haushi ba, haɗin da ake laftawa a kai bayan an ga tabo shi ne yake kashe fuskokin nan.

Kun san shi ai. 'Yar roba fara ba suna ba komai, an matse tub uku ko huɗu daga kemis, an zuba man bilicin, an ɗiga wani mai, an juya da cokali, a ce miki na goge tabo ne sadidan. In na tambaya me kike shafawa sai a ce wallahi Anti basilin ne kawai. Haba 'yar nan. Basilin ne zai sa jijiyoyi su fito raɗa-raɗa a kumatunki? Basilin ne zai sa gashi ya tsiro miki a gefen fuska? Sai na ce buɗe jakar, sannan a sunkuyar da kai a zaro robar daga cikin leda.

Tub ɗin nan ki juya bayansu ki karanta, ko ki ba ɗanki na sakandare ya karanta miki. In kin ga clobetasol ko betamethasone to sitiroyid ne, magani ne mai ƙarfi na wasu cututtukan fata, likita ne yake rubuta shi na ɗan lokaci ya ce a tsaya, kuma clobetasol ɗin nan ba ma a son sa a fuska. Ba man shafawa ba ne. Yaudararsa ita ce satin farko za ki ga jan ya kwanta, ƙaiƙayi ya tafi, fuska ta yi fayau, ki ce ai na samu magani har ki tura wa ƙawarki lambar mai haɗin. Daga nan sai ya fara karɓar kuɗinsa, fata ta yi siriri kamar ledar fiya wata, ƙuraje su feso iri ɗaya girma ɗaya kamar an shuka gero, makero da ƙyasbi su samu wurin zama don ya kashe ƙarfin fatar, ranar da kika ce bari in huta kuwa fuska ta ɗau raɗaɗi ta yi jawur ki koma da gudu. Shi kenan ya kama ki. Ƙurajen da kike cewa pilin ne ya jawo, da yawansu wallahi na robar nan ne, kina shafa abin da ke kawo su don ya kore su.

Shi kuma man bilicin ɗin, akwai hydroquinone a yawancinsa. NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, ta hana ya wuce kashi 2 cikin 100 a man shafawa, to wa ya auna na cikin robarki? In aka daɗe ana shafa shi yakan bar wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kan kumatu, irin wanda kuke gani a fuskar wasu manyan mata ku ce ƙunar rana ce, wannan baƙin ko a hannun likitan fata wahalar fita gare shi. A 2023 har Kano NAFDAC ɗin ta zo aka yi taro da 'yan jarida a kan masifar bilicin, aka faɗa a rediyo, amma kamar da dutse ake.

Akwai wata yarinya da ba zan manta ba, ba zan faɗi ƙauyensu ba. Saura kwana goma kamu aka yi mata pilin, kwana huɗu da yi ta fita rabon goron gayyata da ƙawaye a tsakar rana, washegari kumatu suka yi duhu. Uwar ce da kanta ta sayar da 'yar akuya ta aika aka kawo haɗi. Da suka zo wurina bayan biki da wata biyu amarya ko ɗaga kai ba ta yi, uwar tana cewa Malama ko sammu ne, don dangin uban ba sa son auren. Na ce Inna ba wanda ya yi mata sammu, ga sammun nan a hannunki cikin leda. Ta yi shiru, ni ma sai na ji ban kyauta ba don na san ƙauna ce ta sa ta, wace uwa ce za ta ga fuskar 'yarta haka ana saura kwana biyar ta zauna? Na ba ta haƙuri muka zauna na yi mata bayani. Amma fa gaskiyar ba ta canja ba, da sun bar fuskar nan da basilin da inuwa da yanzu an wuce wurin.

Kuma ba tub kaɗai ba, duk wani abu da ake fami da shi a ajiye. Lemon tsami, makilin, toka, kanwa, tafarnuwa, sabulun salo da ake dirzawa da soso wai a kankare baƙin. Baƙin nan ba dauɗa ba ne da za ki kankare, a cikin fatar yake, duk dirzar da kika yi ƙara masa kike. Dilka da halawa ban ce komai a kansu ba ga mai lafiyayyar fata, amma a kan fuskar da take saɓa, a'a. Masu jan fatar da ta ɗago da farce suna kallon madubi, da masu matse ƙurji har sai ya yi jini, kowane ɗaya da kika matsa tabon wata da watanni kika saya.

To me za a yi, na san shi kuke jira. Ba shi da yawa kuma ba shi da daɗin ji:

Sati ɗaya zuwa biyu na farko, ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu mara ƙarfi irin na jarirai, da tafin hannu, safe da dare. Ki dangwala tsumma mai tsabta, kar ki goge.
Basilin fari mara turare, shafa kaɗan, musamman yanzu da hunturu ke busar da mutum. Hoda da su fandeshan a jira fata ta rufe.
Ɓawo ya faɗi da kansa.
Rana ita ce babbar abokiyar gaba. Shanya, ɗiban ruwa, zuwa gona ko unguwa, a mai da su sassafe ko bayan la'asar. In fita ta zama dole ga lema ga malafa, ba abin kunya ba ne. Mai hali ta sayi man kare rana wanda aka rubuta SPF 30 ko sama, kuma ba shafa ɗaya ake wuni da ita ba, in kina cikin rana sai kin sake bayan kamar awa biyu.
Kar a sake wani pilin ɗin wai don ya cire tabon na farko.

Sai fata ta rufe ta daina raɗaɗi sannan ake maganar maganin ƙuraje, kuma ki zo mu gani tukuna. Akwai benzoyl peroxide, ana farawa da mara ƙarfi, sai dai yana cinye launin kaya, kar ki zo ki ce na ɓata miki hijabin lefe. Akwai azelaic acid, shi yana taimakon ƙurajen da tabon gaba ɗaya. Akwai adapalene na dare, amma mai ciki ko mai neman ciki ba ta shafa shi, haka kafson doxycycline da ake saya a kemis kamar gyaɗa, mai ciki ba ta sha, kuma yana sa rana ta fi ƙona mutum. Shi ya sa nake tambayarku yaushe rabonki da al'ada, ba gulma nake nema ba.

Ga maganar da ba a son ji. Maganin ƙuraje sai ya yi sati shida zuwa takwas kafin ki ga canji na kirki. Tabo kuwa wanda yake sama-sama yakan ɗauki wata shida har shekara yana dusashewa, wanda ya nutsa ya fi haka. Duk wadda ta ce miki kwana bakwai, ko dai ƙarya take ko kuma sitiroyid ta zuba. Na san mai haɗi ta fi ni daɗin baki, ita tana da hoton kafin da bayan, ni kuwa haƙuri nake rabawa, amma ita in fuskar ta lalace bulokin ɗinki za ta yi, ni ce zan gan ki a bencin baya.

Wadda ta daɗe tana shafa haɗin, wata uku, shekara, ke kar ki yanke shawara ke kaɗai a ɗaki. In kin daina fuska za ta yi bore na wasu makonni, zafi, ja, ƙuraje, a nan ne kowa ke karaya ta koma. Ki zo a duba ki a tsara miki yadda za ki rabu da shi, in ta kama a gwada hawan jini da suga ma a gwada, don mai shafa shi duk jiki shekara da shekaru yana shiga jini. Kuma don girman Allah masu shafa wa jarirai ragowar wai yaro ya yi haske kafin suna, ku ji tsoron Allah, fatar jariri ta fi taki shanye magani.

In kuma kin ga mugunya, ko ɓawo rawaya kamar zuma ta bushe, ko fuska ta kumbura da zazzaɓi, ko ƙananan ƙuraje masu ruwa da zafi sun taru a gefen leɓe suna bazuwa, ko abin ya taɓa ido, wannan ba na jiran ranar kasuwa ba ne, a ranar za ki taho. Haka in tabon ya fara tudu yana tauri. Abin da ya fi ƙarfinmu a nan ƙaramin asibiti takarda za mu ba ki zuwa babban asibiti, in ta kama har Asibitin Koyarwa na Aminu Kano inda likitocin fata suke, kuɗin motar bai kai abin da kika kashe a roba uku ba.

Ku kuma maza, wani sa'in kalma ɗaya ce taku take tura mace ga wannan wahalar, ka zauna kana yaba hasken wata a waya a gabanta, ko ka ce za ka ƙaro fara. In matarka tana jinyar fuska ka ɗauke mata ɗiban ruwan rana na wata biyu, ka saya mata lema, ba za ka mutu ba.

In za ki zo ki taho da robar da tub ɗin da kwalbar pilin ɗin duka, kar ki ɓoye ko ɗaya, ba zan yi miki faɗa a gaban mutane ba, in ma zan yi sai na tura ƙofa. Amma ki sani ba za ki koma da su gida ba, akwai kwali a ƙarƙashin teburina da nake tara su, na farkon ya cika tun kafin a gama kaka na samo wani.