Alkawuran ɗan majalisa kan haraji, intanet, tsaro da safarar mutane: amsa ga 'yan'uwa mazauna Saudiyya

Duk Umarar azumi 'yan majalisar Najeriya suna cika Makka da Madina, kuma wanda ya zauna da jama'a a cikinsu abu huɗu yake jerowa: zai rage haraji, zai kai intanet ƙauye, zai ƙarfafa tsaro, zai yaƙi safarar mutane. Suna tafiya sai tambayoyi iri ɗaya su dawo. Ga amsa wuri guda. Don Allah a karanta kafin a sake tambaya.

Shi kaɗai zai iya rage haraji?

A'a. Ƙuri'a ɗaya gare shi cikin 360 idan ɗan Majalisar Wakilai ne, cikin 109 idan sanata ne. Sai ƙudiri ya tsallake karatu uku, ya samu amincewar ɗaya majalisar, sannan shugaban ƙasa ya sa hannu.

Muna iya zaɓensa daga nan?

Ba a jefa ƙuri'ar Najeriya daga waje. Sai mutum ya je gida da katinsa.

Ajan ya kawo ƙanwata aikin gida, an karɓe fasfonta, ba a biyanta albashi. In kira ɗan majalisarmu?

Ka kira shi in kana so, amma ba daga nan za ka fara ba, domin ba shi da iko a kan kafili (uban gidan da ya ɗauki nauyin bizar ma'aikaci) ko jawazat (hukumar shige da fice ta Saudiyya). Ka fara da sanin bizar da ta shigo da ita, a nan maganar take rabuwa.

Idan da bizar aikin gida ta zo, ta manhajar Musaned da gwamnatin Saudiyya ta tanada don ɗaukar masu aikin gida, tana da kwantiragi kuma tana da haƙƙin kai ƙara. A kira Ma'aikatar Ƙwadago a 19911. Riƙe fasfon ma'aikaci haramun ne a dokar ƙasar nan, hana albashi ma haka. Sai dai a kula: in ta fice daga gidan babu ƙorafi a rubuce, kafili na iya kai rahoton hurub, wato cewa ta gudu daga aiki, daga nan ta koma mai laifi a takarda alhali ita aka zalunta. Shi ya sa galibi ya fi kyau ƙorafi ya riga fita. Na ce galibi, domin in akwai duka, ko cin zarafi, ko kulle ta a ɗaki, ba a jiran takarda. A kira 'yan sanda, 911 a yankin Makka da Jidda, a kuma sanar da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam a 19922.

Idan kuwa da bizar Umara ko ta ziyara ta shigo ta zarce, lamarin ya fi wuya, ba zan ɓoye maka ba. Bizar nan ba ta halatta aiki, babu kwantiragin da za a riƙe kowa da shi, kuma sau da yawa ƙarshen abin tarhil ne, wato korar mutum zuwa ƙasarsa, ta cibiyar tsare baƙi ta Shumaisi, a ɗauki zanen yatsa, a hana dawowa. Duk da haka ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya ba. Dokar yaƙi da safarar mutane ta Saudiyya ta 2009 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 15, ko tarar da za ta iya kai riyal miliyan 1, ko duka biyun. Amma ɗaukar ƙanwarka a matsayin wadda aka yi safararta ya danganta da hujjar yaudara da tilastawa. Saboda haka a tara hujja tun yau: hoton fasfo, lambar iƙama (katin izinin zama) ko lambar shiga ƙasa da ke jikin biza, wurin gidan a taswirar waya, muryoyin da ajan ya turo ta WhatsApp, rasit ɗin kowane kuɗi da aka tura masa. Da su za a je ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya a Jidda, ko babban ofishi a Riyad, inda ake ba da takardar tafiya ta gaggawa ga wanda ba shi da fasfo a hannu.

Abu biyu nake ta hanawa ba a ji. Kada a ƙara tura wa ajan ko sisi da sunan fansa, wanda ya sayar da ita sau ɗaya zai sake. Kada kuma ka ɗauko ta ka ɓoye a ɗakinka ka zauna shiru, domin ɓoye wanda ya karya dokar zama na iya jawo tarar da ta kai riyal 100,000 da ɗaurin wata 6, kai ma a kore ka. Ka kwantar da hankalinka, mata da yawa sun koma gida lafiya ta hanyar hukuma. A can gida iyaye su kai sunan ajan ofishin NAPTIP na Kano, wato hukumar yaƙi da safarar mutane ta Najeriya, ko su kira 627. A nan ne ɗan majalisa yake da amfani: hukumar tana nan tun 2003, an sabunta dokarta a 2015, abin da take buƙata shi ne kuɗi a kasafi da mai bibiyar shari'o'in da ta shigar.

Kuɗin da nake tura wa iyaye, za a cire haraji a sabuwar dokar harajin Najeriya?

Kuɗin cefane da kake aika wa Hajiya kyauta ce, ba riba ba, ba a sa mata harajin kuɗin shiga. A daina yaɗa jita-jita. Dokoki huɗun da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni 2025, waɗanda manyan tanade-tanadensu suka fara aiki 1 ga Janairu 2026, sun yafe haraji a kan naira 800,000 ta farko da mutum ya samu a shekara, sun kuma bar harajin sayen kaya na VAT a kashi 7.5, rabin kashi 15 da muke biya a nan. Abin da ya shafe ka shi ne kuɗin da aka samu a Najeriya, kamar hayar gidanka na Kano ko ribar shagonka. In kuma kana yin kwana 183 a gida cikin wata 12, ko kana da gidan zama da iyali a can, ana iya lissafa ka mazaunin Najeriya. Mai irin wannan hali ya ga akanta.

Me ya hana sabis zuwa ƙauyenmu har yau?

Lissafi ne. Turken sadarwa yana cin dizal, ana sace batura, mutanen ƙauye kuma ba sa sayen datar da za ta mayar da kuɗin. Don cike wannan giɓi dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun USPF na kai sadarwa yankunan da ba su da ita, a ƙarƙashin hukumar sadarwa ta NCC. Ɗan majalisar da yake da gaske zai faɗi sunan garin da ya tura wa asusun. Shimfiɗa wayar fayiba kuwa sai da kuɗin izinin haƙa gefen hanya. An daidaita a kan naira 145 kowace mita, amma a hanyoyin jiha gwamna ne mai cewa. Rabon wayoyi da kwamfutoci a taron siyasa bai kawo sabis ko'ina ba. Ku da kuke kiran gida sai an hau tudu kafin a ji muryarku kun fi kowa sani.

Zai iya turo sojoji garinmu?

Ba ya ba soja umarni, shugaban ƙasa ne babban kwamanda. Nasa shi ne amincewa da kasafin tsaro da bin diddigin inda kuɗin ya shiga, majalisun biyu kuma su tantance manyan hafsoshi. A tambaye shi kwamitin da yake ciki da abin da ya gano a can. Ya kuma faɗi matsayinsa kan rufe layukan waya irin wanda aka yi a Zamfara a Satumba 2021, tunda mai alkawarin intanet da tsaro tare dole wata rana ya fuskanci wannan zaɓi.

Zai iya sa a rage mana kuɗin iƙama da na iyali?

A'a, Alhaji. Wannan dokar Saudiyya ce, majalisar Abuja ba ta da ta cewa a ciki.