Ƙa'idojin yanar gizo da saɓanin burauzoji

Ƙa'idojin yanar gizo rubutattun sharuɗɗan fasaha ne da ke fayyace yadda ake gina shafin intanet, da yadda burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, za ta karanta shi ta nuna shi a fuskar kwamfuta ko waya. Manyansu uku ne: HTML mai tsara gangar jikin shafi, CSS mai kula da launi da girma da tazara, sai JavaScript mai sa shafi ya amsa wa mai amfani da shi. Babu hukumar da ke tilasta bin su. Kowane kamfani yana bi ne gwargwadon yadda ya ga dama, kuma daga nan saɓanin ya samo asali.

Asali

Tim Berners-Lee ne ya gabatar da tsarin yanar gizo a cibiyar bincike ta CERN a 1989. A watan Oktoban 1994 ya kafa ƙungiyar W3C a jami'ar MIT da ke Amurka domin ta riƙa fitar da ƙa'idoji. CSS kuwa Håkon Wium Lie ne ya kawo shawararta a 1994, aka fitar da kashin farko a Disamban 1996.

Gasar Netscape da Microsoft

Kasuwa ba ta jira masu rubuta ƙa'ida ba. Netscape Navigator ta fito a ƙarshen 1994, Internet Explorer ta Microsoft ta biyo baya a 1995, kowace tana ƙirƙiro abin da ɗayar ba ta gane ba. Netscape ta kawo alamar HTML mai suna blink mai sa rubutu ya riƙa ƙyaftawa, Microsoft ta kawo marquee mai sa shi gudu daga gefe zuwa gefe. Da Brendan Eich ya ƙirƙiri JavaScript a Netscape a 1995, Microsoft ta yi nata mai suna JScript, sai a 1997 aka samu ƙa'idar ECMAScript da ta haɗa kansu. A wannan zamani maginan shafuka kan yi aiki biyu a kan shafi ɗaya, wasu kuma su manna sanarwa cewa shafinsu ya fi kyau a burauza kaza. Wannan wahala ce ta sa wasu magina suka kafa ƙungiyar Web Standards Project a 1998 don matsa wa kamfanonin lamba.

Saɓanin da ya fi shahara shi ne na lissafin akwati. CSS tana ɗaukar kowane ɓangare na shafi a matsayin akwati mai ciki, da tazarar ciki, da iyaka. Idan magini ya ce faɗi fiksel 300 (fiksel shi ne ɗigon da ake auna girma da shi a fuskar kwamfuta), tazara 20 a kowane gefe, iyaka 5, ƙa'idar W3C ta ce akwatin zai ci fiksel 350. Internet Explorer 5 ta Windows kuwa sai ta cusa komai cikin 300, abin da ya rage wa rubutu 250 kawai. Fiksel 50 ya isa ya ture ginshiƙin shafi zuwa ƙasa. Gyara kai tsaye zai lalata ɗimbin tsofaffin shafuka, don haka wajajen 2000 aka fito da dabara: burauza ta duba layin DOCTYPE, mai bayyana nau'in shafi, da ke samansa, in ta same shi yadda ya kamata ta bi ƙa'ida, in babu ta koma tsohon salo. Har yau burauzoji na ɗauke da wannan dabara. Lissafin Microsoft dai bai rasa hikima ba, domin daga baya an shigar da shi cikin CSS a matsayin zaɓi, kuma magina da yawa shi suke so.

Netscape ta sha kaye. Internet Explorer 6 ta fito a 2001, ta mamaye kasuwa, kuma ba a sake fitar da sabuwa ba sai 2006.

HTML5

A 2004 ma'aikatan Apple da Mozilla da Opera suka kafa ƙungiyar WHATWG, saboda ba su gamsu da karkatar W3C zuwa XHTML ba, wato wani salon HTML mai tsauraran ƙa'idoji. Babban abin da suka yi shi ne rubuta dalla-dalla yadda burauza za ta yi da shafi mai kuskure, misali alamar da aka buɗe ba a rufe ba, wanda a da kowace burauza ke yi wa nata hasashen. W3C ta dakatar da XHTML 2.0 a 2009, ta amince da HTML5, sabon kashin HTML da WHATWG ta faro, a 2014. A 2019 ƙungiyoyin biyu suka daidaita cewa rubutun WHATWG ne abin dogaro.

Gwaji

Gwajin Acid2 na 2005 yana nuna fuska mai murmushi idan burauza ta bi ƙa'ida. Safari ce ta fara cin sa.

Halin da ake ciki

Injinan zana shafi uku suka rage a manyan burauzoji: Blink na Chrome ɗin Google, WebKit na Safari, da Gecko na Firefox. Opera ta bar injinta Presto a 2013, Edge ta Microsoft ta koma tsarin Chromium mai amfani da Blink a 2020, an kuma yi ritayar Internet Explorer a 2022. Saɓanin da ya rage ya fi yawa a siffar haruffa, da maɓallan fom, da sabbin fasalolin da wani inji ke riga wani karɓa. Ana taƙaddama kan rinjayen Blink: wasu na ganin ya rage wa magina wahala, wasu na ganin ya ba Google iko fiye da kima a kan abin da zai zama ƙa'ida.