Faifan gem ko saukewa ta intanet: wanne ne naka da gaske?

Tun da PlayStation 5 ta fito a 2020 kala biyu, mai cin faifai da wadda ba ta da gurbinsa, masu gidajen gem a Gusau da samarin da ke tara kuɗin na'ura suke ta wannan muhawara. Ga tambayoyin da aka fi yi.

Na biya kuɗina na sauke gem. Ashe ba nawa ba ne?

Izinin bugawa ka saya, kuma izinin yana ɗaure da asusunka na shagon gem na intanet. Haka sharuɗɗan Sony da Microsoft da Steam (shagon gem ɗin kwamfuta a intanet) suka tanada. Ba ka da ikon sayar da shi, kuma ranar da aka rufe asusun, duk abin da ke ciki ya tafi. Lamarin ya kai jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi doka a 2024, wadda ta hana kamfani rubuta "saya" ba tare da ya bayyana wa mutum cewa lasisi yake karɓa ba.

An taɓa ƙwace wa mutane gem kuwa?

Ƙwarai. Kamfanin Ubisoft ya fitar da gem ɗin tseren mota The Crew a 2014. A ƙarshen Maris 2024 ya kashe kwamfutocin da gem ɗin ya dogara da su, nan take ya daina aiki ga kowa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne har masu faifai ba su tsira ba, domin gem ɗin ba ya tashi sai da intanet.

To ina amfanin faifan?

Yana da shi, sosai ma. Faifai kaya ne a hannunka: ka gama, ka sayar ko ka yi musanye ka cika ɗan kuɗi ka karɓi wani. Amma sai an lura, don wasu faifan yanzu kusan fanko ne. Na Call of Duty: Modern Warfare II da ya fito a 2022 abin da ke kansa bai kai megabayit 100 ba, sauran duk sai ka sauke da datarka. Saboda haka kafin ka miƙa kuɗi, juya bayan kwalin ka duba ko an rubuta sai da intanet, ka kuma sa mai shago ya gwada maka ba tare da sabis ba.

Idan sabis ya ɗauke fa?

Mu a Zamfara ba labari muka ji ba. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a jihar saboda matsalar tsaro. A irin wannan hali faifan da gem ɗinsa ke cike yana aiki muddin akwai wuta ko janareto. Wanda aka sauke ma yana iya tashi, amma fa sai an riga an saita na'urar a matsayin ainihin na'urar mai asusun. Wanda bai yi haka ba, kwaɗo zai gani a kan gem ɗin da ya biya. A yi wannan saitin tun sabis yana nan.

Me ya sa duk da haka mutane ke saukewa?

Ana yawan yin rangwame, kuma ba ruwanka da karcewar faifai ko ƙurar hunturu. Wasu ma ba zaɓi: gem ɗin ƙwallo na eFootball, magajin PES tun 2021, ba ya zuwa a faifai.

Wani ya ce zai loda mini gem da araha daga asusunsa. In karɓa?

Ban ba da shawara ba. Asusun nasa ne, lambar sirri tana hannunsa, kuma sau da yawa mutane da dama ya sayar wa abu ɗaya. Ranar da ya canza lambar ko kamfani ya toshe asusun, ba inda za ka kai ƙara.

Zan buɗe gidan gem. Wace na'ura zan ɗauka?

Mai cin faifai, ko da ta ɗan fi tsada. Tana buga na faifai da na saukewa duka, alhali marasa gurbin faifai irin su Xbox Series S sun ɗaure ka da shagon kamfani kaɗai. Kuma idan sabon gem ɗin ƙwallo ya fito yara suka guji tsohon, kana da faifan da za ka sayar ka rage asara.