Ma'anar "daidai" da kishiyoyinta

Kalmar "daidai" tana cikin waɗanda Bahaushe ke furtawa kullum, kuma aikinta ya fi ɗaya. Idan tela ya ɗinka riga ta zauna a jiki, ba ta matse ba, ba ta yi burum-burum ba, sai a ce ta yi daidai. Ɗalibi ya ba da amsa, malam ya ce daidai ne, wato babu kuskure. Ƙarfe uku daidai kuwa na nufin ba ƙari ba ragi. Sai ma'anar da ta fi jawo magana a yau: abu biyu su zo daidai wa daida, kamar magada biyu da aka raba wa gona kowa ya sami kadada guda. Daga nan aka samo "daidaita" da "daidaito".

Tun da ma'anar ta rabu, kishiyar ma ba guda ba ce. Kishiyar amsa daidai ita ce kuskure. A wajen awo kuwa tauyewa ce: mai awo ya danna gindin mudu ciki, mai saye ya biya kuɗin cikakke ya tafi da ragagge. Idan ana maganar kama, sai a ce daban, ko bambanci, in nisan ya yi yawa a ce sun yi hannun riga.

Inda nake ganin ana yawan ruɗewa shi ne ɗaukar "daidai" da "iri ɗaya" a matsayin Ɗanjuma da Ɗanjummai. Da an ambaci daidaito sai wani ya yi wuf ya ce ai yatsun hannu ma ba ɗaya ba ne. Gaskiya ne, amma wannan maganar kama ce. Duba sahun salla. Liman ya ce a daidaita sahu, dogo da gajere, attajiri da ɗan dako, kowa ya jera kafaɗa da kafaɗa. Babu wanda ya koma kamar ɗan'uwansa, sai dai babu wanda ya wuce gaba. Wannan kiran ne gwamnatin Kano ta ara a zamanin Malam Ibrahim Shekarau ta sa wa shirinta na gyaran tarbiyya suna, har sunan ya manne wa babur mai ƙafa uku.

Saboda haka abin da ke kishiyantar daidaito tsakanin mutane shi ne nuna bambanci, wato fifiko da wariya. Kasancewar mutane daban-daban halitta ce, nuna bambanci kuwa aiki ne da mutum ke yi da gangan, kuma yana da ciwo ga wanda aka yi wa. Shi ne abin da sashe na 42 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya hana a yi wa ɗan ƙasa saboda ƙabilarsa, asalinsa, jinsinsa, addininsa ko ra'ayinsa na siyasa.