Chionanthus retusus (iccen tuntu na ƙasar Sin)

Chionanthus retusus icce ne mai farin hure wanda asalinshi gabashin Asiya ne, wato ƙasar Sin da Koriya da Japan da tsibirin Taiwan. Dangin zaitun ne, shi ya sa ɗiyan da shike yi kamar ƙananan zaitun suke. A daji shina iya kai mita 20 amma wanda aka dasa a gida ko bakin hanya yawanci mita 3 zuwa 8 yake tsayawa, kuma wannan ƙanƙanta tashi ce ta sa masu ƙawata gidaje a Amurka da Turai suke son shi. Ba a ci, ba a katako da shi sosai, galibi don huren ake dasa shi.

Suna

Sunan kimiyyar daga harshen Girka ya fito, chion dusar ƙanƙara, anthos kuma hure. Linnaeus, masanin tsirrai ɗan ƙasar Sweden, shi ne ya raɗa ma dangin wannan suna a 1753, amma a kan ɗan'uwanshi na Amurka, Chionanthus virginicus. Na Sin ɗin sai a wajen 1852 ne John Lindley da Joseph Paxton suka yi bayaninshi a Ingila. Kalmar retusus ɗin tana nuni ga bakin ganyen ne, don wani lokaci ba shi da tsini, sai ka ga ɗan lotsawa a tsakiya.

Mutanen Sin suna ce mishi liusu, wato tuntu, irin tuntun hula ko na kayan doki, kuma duk wanda ya ga huren zai gane dalili, ko wane hure ya rabu gida huɗu siri-siri kamar zare suna lilo. Wasu kuma suna kiran shi dusar ƙanƙarar watan huɗu.

A Japan sunan shi hitotsubatago, ma'ana iccen tago mai ganye ɗaya, don shina kama da wani icce da suke kira tago amma shi wancan ganyenshi a jere suke bisa sanda guda kamar na dogon yaro. Sunan da ya fi daɗi shi ne nanjamonja, wanda kusan ma'anarshi ita ce "wai wannan mene ne", don mutane suna ganin shi ba su san ko wane icce ba ne, tambayar ta zame mishi suna.

Matsayinshi a Koriya

Nan ne labarin iccen ya fi yawa. Koriyawa suna kiran shi ipap-namu, kuma bayanin da aka fi yarda da shi shi ne sunan daga dafaffar farar shinkafa ya fito, don idan ya yi hure gaba ɗaya kan iccen sai ya koma kamar an cika kwano da shinkafa har ta yi tozo. Wasu sun ce a'a, daga Ipha ne, lokacin shigowar zafi a kalandarsu wanda ke faɗowa wajen 5 ko 6 ga Mayu, daidai lokacin huren. Akwai masu danganta shi da gidan sarautar Yi da ya mulki Koriya a da. Ba a daidaita ba.

Manoman da can da shi suke duba shekara. In iccen ya cika da hure sai su ce bana za a samu shinkafa, in ya yi tsilla-tsilla sai hankali ya tashi. Abin ba camfi ne zalla ba, don iccen mai son danshi ne, kuma lokacin da shike hure shi ne lokacin da ake shirin dashen shinkafa, toh shekarar da ƙasa ta riƙe ruwa huren zai yi yawa kuma dashe zai kama. Manomin fadamar Argungu ko Suru ba zai ga baƙon abu a nan ba, mu ma ai ana kallon tohon itatuwa da zuwan shamuwa a ce damina ta kusa. Akwai tsofaffin itatuwan nan a ƙauyukan kudancin Koriya da ake kiyasin sun yi ɗaruruwan shekaru, gwamnati ta sa da yawansu cikin kayan tarihin da doka ta kare. Yanzu kuma ya zama ɗaya daga cikin itatuwan da aka fi jerawa bakin titi a biranen Koriya ta Kudu.

A Japan kuwa wurare biyu ne kawai shike fitowa da kanshi kuma nesa da juna, tsibirin Tsushima da yankin Gifu da Aichi. A Waniura da ke arewacin Tsushima ya rufe tuddan bakin teku har suna ce mishi mai haska teku, kuma an kare wurin tun wajen 1928.

Yadda ya fita waje

Robert Fortune, ɗan Sikotland ɗin nan da daga baya ya kwashi iccen shayi daga Sin zuwa Indiya, shi ake cewa ya fara kai shi Ingila a wajen 1845. An sake kai shi a wajen 1879 ta hannun Charles Maries. A Amurka akwai wani tsoho a lambun Arnold Arboretum na Boston da aka ce daga irin da aka aiko daga Tokyo ya fito a farkon shekarun 1900.

Kamanni

Ganyen biyu-biyu suke fitowa suna kallon juna, masu kauri da ɗan sheƙi, tsawon santimita 3 zuwa 12. Huren a ƙarshen sabon reshe shike fitowa cikin Afrilu ko Mayu bayan ganye ya toho, wannan ne bambancinshi da na Amurka wanda ke hure a jikin tsohon reshe. Sati biyu zuwa ukku ya kakkaɓe. Akwai namiji akwai mai yin ɗiya, ɗiyan shuɗi ne mai duhu kamar santimita 1 zuwa 1.5, tsuntsaye ke cinyewa. Ɓawon icce in ya tsufa shina tsattsagewa ko ya riƙa saɓulewa.

Dasawa da kulawa

Shina son rana sosai ko ɗan inuwa kaɗan, da ƙasa mai danshi wadda ba ta kwantar da ruwa. Girmanshi a hankali ne, ba icce ba ne na mai gaggawa. Ba a cika datse shi ba sai dai in ana son gindi guda maimakon ya yi rassa tun daga ƙasa, kuma bayan hure ake yi.

Wahalar tana wajen iri. Ƙwallon sai ya samu watannin ɗumi saiwa ta fito, sannan ya samu watannin sanyi kafin toho ya leƙo, saboda haka wanda ya shuka shina iya jiran shekara biyu bai ga komai ba, masu renon itatuwa kan yi dabara da danshin yashi da firij. Yanke reshe a kafa ma ba ya cika kamawa. Cikin ire-iren da aka zaɓa akwai Tokyo Tower mai miƙewa siriri, da China Snow, da Arnold's Pride.

Ƙwari ba su cika damun shi ba. Wani koren ƙwaro mai huda icce da ya addabi Amurka an same shi a jikin na Amurkan a 2014, na Sin ɗin kuwa da alama shina jure mishi.

Amfani

A Sin ana busar da ɗanyen ganyen a sha kamar shayi, ana kuma yi ma iccen guihua mai ƙamshi aure a kan gindinshi kamar yadda muke auren mangwaro.

A ƙasarmu

Iccen ƙasar sanyi ne, shina zubar da ganye ya huta cikin sanyi kafin ya yi hure. Hunturun Gusau ko Birnin Kebbi bai kai nan ba ko kusa, ga zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40 daidai lokacin da ya kamata shi yi hure, ga rani na wata bakwai ko takwas babu ruwa, saboda haka wanda ya ga hotonshi a Facebook ya yi sha'awa gaskiya kar ya ɓata kuɗinshi wajen odar iri. Itatuwan da ke yin irin wannan aiki a nan su ne sansami da ke rufewa da hure ruwan hoda cikin rani ba ganye a jikinshi, da marga mai ruwan ɗorawa da ke lilo, da kurya mai ja lokacin hunturu, sai dai su an fi barin su a daji da gona, cikin gari dogon yaro ne ya cinye ko'ina.